Rasuwar Balbela a Cikin Jiƙaƙƙen Buhu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai sami wurin zama ba, ni Almustapha Maccido na garin Wurno nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Wurno da Rabah da Goronyo rasuwar na'urar gem ɗina, wadda aka fi sani da Balbela saboda farinta. Ta rasu ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, a shagona na ƙofar gida, tana da kwana ashirin da uku a hannuna. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba tsawa ba ce, ba kuma wutar lantarki ba ce, don da sola nake ciyar da ita. Mutum ne ya kashe ta da hannunsa, da buta da buhu. Sunansa Lauwali, ɗan Goggo Zubaida ta Rara, kuma na sa sunan tun a farkon takarda ne domin wanda ya gaji da karatu ya tafi da shi.

Marigayiya ta zo duniya a wata ƙasa mai nisa da ban taɓa takawa ba. Ta zo hannuna a birnin Sakkwato, bayan na kwantar da albasar bara a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ina kallon maƙwabta suna sayar da tasu ina haɗiyar miyau, har ta yi daraja. Ranar da na ɗauko ta ban yarda an sa ta a but ɗin mota ba. A kan cinyata ta zauna tun daga tasha har Wurno, duk ramin da direba ya faɗa sai na ɗaga ta sama, har wata tsohuwa da ke gefena ta tambaye ni ko magani ne zan kai wa mara lafiya. Na ce mata eh, kuma har gobe ban ɗauka na yi ƙarya ba.

Duk wanda ya san ta zai shaide ta da natsuwa. Ba ta da hayaniya, ba ta da gardama. In ka taɓa ta sai ta ce “tiit” sau ɗaya tak, cikin ladabi, sannan wata 'yar fitila shuɗiya ta kama, sannan fankar cikinta ta fara numfashi a hankali, “huuu”, wanda sai ka kasa kunne za ka ji. Kullum da safe, in na dawo daga masallaci na karya, sai in shiga shago in yaye mayafin da matata Mashkura ta ɗinka mata, in kunna ta, in saurari wannan “tiit” ɗin, in dubi hasken da ta watsa a talabijin, sannan in kashe ta in rufe. Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakanina da ita ke nan. Ban taɓa buga wasa ko ɗaya a kanta ba, kuma ina roƙon masu karatu su daure su ji dalili kafin su fara dariya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Lauwali yana cina a wasan ƙwallo na gem. Duk ranar da ya shigo Wurno sai mun zauna a gidan gem na Faruk da ke bakin kasuwa, kuma duk ranar da muka zauna sai na tashi da kunya. Na yi canjaras da shi sau biyu, na ɗaya wuta ce ta ɗauke, na biyu kiran salla ne. Ba cin ne ya fi damuna ba. In ya ci, sai ya cire hulata ya ɗora a kan tasa, ba zai ba ni ba sai na ce a gaban jama'a, “Lauwali malamina ne.” Ni da nake da iyali, ni da ake sallama da ni a ƙofar gida. Ba kuma yadda zan yi, domin mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, shi taubashina ne, kuma a wurinmu abin da taubashi ya yi maka wasa ne, in ka yi fushi kai ne ba ka da tarbiyya. Don haka na sayi Balbela da niyya ɗaya. In rufe shago in koyi ƙwallon nan a ɓoye daga bazara zuwa Babbar Salla, ranar da dangi ke taruwa a Rara, in kai ta can, in zaunar da shi a gaban uwarsa da matarsa da kowa, in ci shi sau ɗaya a rayuwata.

Sai dai na yi wa kaina alkawarin da ya zama ajalinta. Na ce na'ura irin wannan ba za a fara mata da tarkace ba, faifan da zai fara shiga cikinta sai ya zama wanda ya fi kowanne, kuma ba za ta buga komai ba sai na kammala zaɓen wasanni biyar da za su zama abokan zamanta. Na sayi littafi mai shafi arba'in domin wannan aiki. Faruk ya ara mini kwalayen faifai kala-kala in duba bayansu, wasu da faifan a ciki. Na kalli bidiyon wasanni a waya a kan katangar gidanmu, domin nan ne kaɗai sabis ke tsayawa, har maƙwabta suka fara tsammanin wata nake nema.

Katangar nan ce ta ba ni sharaɗi na farko. Duk wasan da ba ya tashi sai da intanet na soke shi, don ba zan hau katanga da talabijin ba. Na biyu, dole ya zama na mutum biyu, domin ni ba aljanin cikin na'ura nake son ci ba, ɗan Goggo nake son ci. Na uku, wasan da in babba ya leƙo shago ba sai na yi tsalle na tare talabijin da babbar riga ba, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya kwashe kusan rabin abin da Faruk ya ba ni. Na soke waɗanda jarumi ke tsayawa ya yi ta zuba Turanci minti ashirin kafin ya ɗaga ƙafa. Na soke wani da aka ce shi kaɗai yana cika cikin na'ura har ba sauran wurin wani. Wasannin harbi kuwa ban ma buɗe kwalinsu ba. Faruk ya ce su samari suka fi so, na ce masa mu a gabashin Sakkwato ba ma buƙatar a sayar mana da ƙarar bindiga a faifai, akwai danginmu da suka baro gonakinsu saboda ita, wasunsu suna zaune a unguwarmu, kuma bangon shagona ba shi da kauri.

Akwai kuma wani faifai da ya kamata a riƙe sunansa a wannan sanarwa, wato wasan noma. Wai ka hau tarakta ka yi huɗa, ka shuka, ka jira, ka girbe, ka kai kasuwa. Na juya kwalin gaba da baya ina mamakin mutanen da ke da lokacin da za su yi noma don nishaɗi. In wuni a fadama ruwa har gwiwa, in dawo gida in wanke ƙafa, in zauna in sake noma a talabijin? Shi na fara sokewa tun ranar farko, na ja masa layi biyu a littafi, na ajiye shi a kan taga da niyyar in mayar wa Faruk, na manta.

Huɗu daga cikin biyar ba su wahalar da ni sosai ba. Ƙwallo sabon fitowa shi ne sarki, kuma na zaɓe shi ne da mugunta, domin an sauya yadda ake ba da fasin da yadda ake bugun raga, alhali yatsun Lauwali sun haddace tsohon zubi na gidan Faruk. Sai tseren mota, sai dambe, sai wani na tsalle-tsalle da mutum biyu ke taimakon juna su haye ramuka, wanda Mashkura ta zaɓa ta ce shi ne ladan ɗinkin mayafi. Na biyar ne ya ci mini kwana tara. Na rasa tsakanin kokawa da tseren babura. In na kwanta da kokawa sai in tashi da babur. Har Goronyo na je don in ji ra'ayin wani da aka ce ya taɓa buga duka biyun, na tarar ya yi tafiya. Faruk ya gaji da ni, ya ce, “Malam Almustapha, kai ɗai ka zaɓen gem awa mai neman aure. Ka buga wani abu mana, na'ura ba ta son zama.” Da na ji maganarsa da yau ba wannan takarda nake rubutawa ba, kuma ina neman afuwarsa a bainar jama'a. Daga ƙarshe na tsaya a kan kokawa, na rufe littafi, ranar Talata da sassafe na hau mota zuwa Sakkwato in sayo faifan biyar.

A ranar ne Lauwali ya shigo Wurno neman wani ƙarfen injin ban ruwa. Ya biyo ta gidana, aka ce masa ba na nan. Mutumin kirki da sai ya bar sallahu ya wuce. Shi kuwa ya san inda nake ajiye mabuɗin shago tun muna samari, a saman ƙofa, ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ce zai ɗan huta kafin rana ta yi sanyi. Ya ga abu a rufe da mayafi, ya yaye. Kwana ashirin da uku ina ɓoye masa ita, ko matarsa ban bari ta ji ba. Ya duba ya duba bai ga faifai ba sai wanda ke kan taga. Don haka ina sanar da jama'a cikin takaici cewa faifan farko kuma na ƙarshe da ya shiga cikin Balbela shi ne wasan noma, wanda na ja wa layi biyu. An ce in ta haɗiyi faifai tana yin wata 'yar ƙara mai daɗi, “shuup”. Ni ban taɓa ji ba, Lauwali ne ya ji.

Ya rufe ƙofa da taga don kada a dame shi. Kowa ya san shagona rufin kwano ne, kowa kuma ya san yadda Wurno take a tsakiyar bazara da azahar, lokacin da ko akuya ba ta fita daga inuwa. Tun hantsi ya zauna, awa biyar yana tuƙa tarakta. Mutumin da ya gaji noma kaka da kakanni, wanda ya baro tasa gonar a Rara tana jiran ruwa, ya zauna yana huɗar gonar Turawa yana zufa. Can marigayiya ta fara jin jiki. Numfashin nan nata na hankali ya koma gurnani. Mashkura da ke cikin gida ta shaida cewa, “Na ji tana kuka awa injin ban ruwa, na aza ko babur na aka tayarwa.” Sannan Balbela ta rubuta a talabijin cewa ta yi zafi, a kashe ta ta huta. Turancin Lauwali bai kai ya nemi aiki da shi ba, amma ya kai ya gane kalmar zafi. Rabin saƙon ya karanta, ya bar rabin da ke cewa a kashe.

Abin da ya yi bayan haka, duk ɗan ƙasar nan zai gane daga ina ya samo shi. Mu in muna son ruwa ya yi sanyi a gona, jarka muke naɗewa da buhun algarara, mu jiƙa buhun, mu ajiye inda iska ke bugawa. Lauwali ya fita ya ɗauko buhun albasa a zaure, ya tsoma shi a duro, ya ɗan matse, ya zo ya naɗe Balbela da shi tun daga kai har ƙafa, tana kunne, ya toshe duk ƙofofin da take shaƙar iska. Ya ce kukan ya ragu, wai alamar ta ji daɗi. Da ya ga buhun ya fara bushewa sai ya ɗauki buta ya ƙara mata, kamar yadda ake yi wa jarka. Maganarta ta ƙarshe, a bakin Mashkura, ita ce “ƙir, ƙir, tas”, sai shiru, sai wari.

Da ya tsaya nan, da wataƙila na sami wani lungu a zuciyata na ajiye masa uzuri. Bai tsaya ba. Ya kwance buhun, ya ɗauke ta ya ɗora a kan rufin kwano kamar mai shanya tattasai, ya ba ta rabin awa, ya sauko da ita ya sake jona ta, ya danna sau uku. Washegari na kai ta wurin Mode mai gyara a Goronyo, mutumin da ya taɓa tayar da rediyon da ya kwana a rijiya. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya cire gilashinsa ya ce, “Wa yay yi wanga aiki? Da ba a kunna ta da ruwa ciki ba, wallahi da ta tashi.” Ya nuna mini inda ta ƙone, ya ciro ɓawon albasa guda biyu daga cikin fanka ya ɗora mini a tafin hannu. Shagon da na saye ta a birni ma na je, suka ce takardar garantinsu ba ta haɗa da wanka ba.

Amma bari in koma yammacin Talata, don kada tarihi ya ɓace. Na sauka daga mota da faifai biyar a leda, ina tafe ina murmushi ni kaɗai, na tarar da shi zaune a kan bencin ƙofar gidana yana shan rake. Bai gudu ba, bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce, “Sannu da hanya. Abin ga naka raggo na, ba shi jimirin zahi.” Na shiga na ga abin da na gani, na fito ina nuna masa shagon da hannu. Ya tofar da ɓawon rake ya ce, “To mi niy yi? Zahi taj ji, niy yi mata abin da aka yi ma jarka. Ka taɓa jin jarka ta mutu?” Sannan ya ƙara da maganar da za ta bi ni har tsufa: “Amma tarakta ta yi. Gona shidda nin nome kahin ta gaza.”

Marigayiya ta rasu ta bar hannuwa biyu na sarrafa ta, waɗanda 'yan gem ke kira fad, ɗaya Lauwali ya shafe shi da zufa, ɗayan ko ledarsa ba a cire ba. Ta bar faifai biyar da ba su taɓa ganin fuskarta ba: ƙwallo, tseren mota, dambe, tsalle-tsalle, da kokawa, wanda ya zo a makare bayan kwana tara ana gardama a kansa. Faruk ya gwada su a na'urorinsa, tsofaffi ne ba sa karɓarsu, don haka marayu ne na gaskiya, ba mai riƙonsu a duk faɗin Wurno. Ta bar talabijin da ta koma nuna labarai, da mayafi, da littafi mai shafi arba'in da aka cika shafi talatin da ɗaya. Ta bar Mashkura, wadda ba ta haye rami ko ɗaya ba. Ta kuma bar ni.

Na ɗauki gawar a kwalinta na kai ƙara Rara wurin Goggo, domin ita ce babba a kanmu duka. Na zayyana mata komai, na nuna mata ɓawon albasar. Ta saurara har ƙarshe, ina ganin tana danne dariya da bakin mayafi, sannan ta ce, “Haba Almu, ƙarhe na hwa. Taubashi ba shi laihi, wasa na. Ka ci tuwo ka tahi gida.” Dattawan da ke zaure ma haka suka ce, wani har yana tambaya ko buhun bai lalace ba. Na ci tuwon, domin ba a ƙin tuwon Goggo, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. A hanyar dawowa ne na lura da wani abu da ya sanyaya mini rai. Dokar da ta wanke shi ba ta da gefe ɗaya. In abin da ya yi mini wasa ne, to duk abin da zan yi masa daga yau wasa ne, kuma ba mai kai ni ƙara ko'ina.

Kwana uku ina lissafa dukiyar Lauwali ɗaya bayan ɗaya da mugun nufi, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Na fara da injin ban ruwansa, na san inda ake zuba yashi ya yi shiru har abada, sai na tuna gonar da yake shayarwa ita ke ciyar da Goggo. Na koma kan babur ɗinsa, na ce in ya yi zafi ni ma na san maganin zafi, sai na tuna da shi ake kai Goggo awon hawan jini. Wayarsa kuwa ta riga ta tsage an ɗaure ta da roba, in na kashe ta taimakonsa na yi. Ragon da yake kiwo na layya ne, ba zan ɗauki zunubi saboda shi ba. Duk abin da na miƙa hannu in taɓa sai in tarar da Goggo a zaune a kai. Abu ɗaya kaɗai na samu wanda nasa ne shi kaɗai, ba ya ciyar da kowa, ba ya kai kowa asibiti, kuma ya fi ƙaunarsa a kan injin da babur duka, wato shekara goma sha ɗayan nan da ba a taɓa cinsa ba. Shi zan karɓe.

Ina cikin wannan shiri ne labari ya iso ni wanda ya fi buhun zafi. Sadiya matar Lauwali ta gaya wa Mashkura, Mashkura ta yi kwana guda tana juya maganar kafin ta gaya mini. Wai bayan na baro Rara, Goggo ta kira ɗanta ɗaki ta ce masa, “In kun zamna wasan ga naku, ka bar shi ya ci sau guda, zuciyatai ta kwanta.” Wai shi kuma ya ce to. Jama'a, an kashe mini na'ura na daure, an yi mini dariya a zaure na daure, amma a taru a yanke shawarar ba ni nasara sadaka, wannan ya fi ƙarfina. Na san Goggo ƙauna ce ta sa ta, kuma ban riƙe ta ba. Amma wata huɗu na hana kaina sayar da albasa, kwana ashirin da uku na hana kaina taɓa abin da nake so, ba don a tausaya mini ba ne. Na fi son in ci gaba da shan kashi har furfura ta rufe mini kai da in ci ƙwallon da aka buɗe mini raga.

Ga yadda za a yi jana'iza. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ba a yi masa addu'ar mamaci, na ji kuma na bi, don haka kada kowa ya zo da wannan niyya. Ranar Asabar bayan la'asar za a taru a ƙofar gidana. Lauwali ne zai ɗauki gawar a kwalinta, a kansa, ba gammo, ya bi ta babban titi ba ta lungu ba, har gidan gem na Faruk. Mode ya nemi a ba shi kayan cikinta da suka tsira, na amince da sharaɗin kada ko dunƙulen waya ɗaya ya shiga kayan wani ɗan Rara. Abin da ya rage za a binne shi a bayan gidana gindin dogon yaro, an riga an haƙa ramin. Masu zuwa gaisuwa su bar dariyarsu a gida. Wanda ya ce mini “ai ƙarfe ne” zai koma da ruwan shansa ba a ba shi ba.

Kafin a kai ta rami za a ajiye kwalin a kan tebur a gidan Faruk, tana fuskantar talabijin, a buga wasa ɗaya, ni da Lauwali, a tsohon zubin da yatsunsa suka haddace, domin shi kaɗai ya rage mana. Ban sami horon wata biyun da na shirya ba. Abin da na samu shi ne kwana shida ina zaune a shago gaban baƙar talabijin, riƙe da hannun da ba a jone da komai ba, ina danna fasin da bugun raga da ka, har babban yatsana ya yi kanta. In na ci shi, za a rufe ramin da ita kaɗai, a raba goro. In ya ci ni, a zuba hannuwan biyu da faifan biyar da littafin a ramin tare da ita, ni da gem har abada, kuma daga nan ne za a fara karɓar gaisuwa ta gaskiya, kwana uku.

Faruk ne alƙali, kuma na ba shi aiki ɗaya: kada ya dubi talabijin, ya dubi yatsun Lauwali. Lauwali, na san za a karanta maka wannan takarda, domin ka nuna mana rabin saƙo kake karantawa, don haka a karanta maka wannan ɓangare sau biyu. Ka ci ka ƙoshi, ka zo da wuri, ka buga da duk ƙarfinka kamar yadda ka saba. Buhun da butar zan iya yafe maka wata rana, in na tsufa na rasa abin yi. Amma in Faruk ya ga yatsanka ya yi sanyi da gangan ko sau ɗaya, za a tsayar da wasa nan take, ba za a binne Balbela ba, za ka sake ɗaukarta a ka ka mayar da ita gidana, mu sake haɗuwa Asabar mai zuwa, da wadda ke bin ta, har ranar da za ka daina jin tausayina.

Za a tashi daga ƙofar gida ƙarfe huɗu da rabi daidai, ba za a jira kowa ba sai mai ɗaukar gawa.